Tulun Iri da Kwalin Littattafai

Ranar Larabar da ta wuce tsawa ta faɗa kan gawon da ke ƙofar gidanmu a nan Agiye. Na fita ne in kwance awakin maƙwabciyata, don hadari ya taso ita kuma tana kasuwa. Na kwance ɗaya na kai ta zaure, na juya zan koma wa sauran biyun, sai duniya ta yi fari fat. Ban ma ji ƙarar ba sai da na tsinci kaina zaune a ƙasa, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Awakin nan biyu ko shurawa ba su yi ba. Har yanzu kunnena na hagu yana ƙugi kamar an kifa mini ƙwarya, kuma ko murfin tukunya ne ya faɗi sai in zabura. Maigidana ya ce in yi ta addu'a, zai wuce. Ina yi. Amma da gabas ta fara duhu sai in kashe salula, in sungumi ɗiyata in shige ƙuryar ɗaki.

Cikin wannan halin ne 'yan ajinmu na kolej suka sa gasa a wasap. Wai a zaɓi shekara guda, kowa ya nemo littafin da aka buga a cikinta, ya karanta kafin damina ta fita, ya zo ya ba da labari. Suna ta turo hotunan bangon littattafai. Ni ban tura komai ba tukuna. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne na taɓa yin irin wannan gasar, kusan shekara ashirin baya, a ƙauyenmu da ke arewa da Agiye, lokacin da ba ni da wani buri a duniya da ya wuce in ga gabas ta yi baƙi.

Shekarar ce da ta biyo bayan fara. Ruwa ya ɗauke da wuri, ɗan abin da ya tsira kuma fara ta sauka ta share shi. Ina aji biyar a lakol, wato firamare. Tun kafin sanyi ya fita rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma aka rabu da su. Baba ya tafi cin rani Najeriya kamar sauran mazan gari. Kafin ya tafi ya sussuke 'yan zangarniyoyin da ya tsinto masu kyau, ya gauraya hatsin da toka saboda ƙwari, ya ɗura a tulu, ya liƙe bakin da laka. Ya tura shi ƙarƙashin gadon Inna ina kallo.

"Wannan ba abinci ba ne," in ji shi. "Gona ce. Ko ban dawo ba, ruwa na sauka ku shuka."

Bazara na shigowa Gwaggo Delu, ƙanwar Baba, ta iso bisa amalanken shanu daga Gidan Sori inda take aure. Nata mijin ma ya tafi. Ta zo da ƙunshin kaya ɗaya da ɗiyarta Atine, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Tsakanin Gwaggo da Inna akwai wasan nan na ƙanwar miji da matar wa. Ita tana ce wa Inna "matata", Inna tana ce mata "maigida", ko kuma "Bagobirar aro", saboda zaman can ya juya mata harshe.

Ga yadda yini yake tafiya. Da asuba rijiya, tun kafin layi ya yi tsawo, don ruwan ya yi ƙasa, guga sai ya fito da rabin laka. Daga nan Inna da Gwaggo su ɗauki ƙwarya su nufi daji tsinkar anza da ganyen jiga. Wanda bai san anza ba, 'ya'yan wani ɗan itace ne da ko akuya ba ta rawar jiki a kansu. Ɗacinsu ya fi na maɗaci. Sai an dafa, an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake wani kwana da kwanaki, sannan su ciwu. A tsakar gidanmu kullum akwai tukwanen jiƙo a jere, na jiya daban, na shekaranjiya daban, warinsu ya kama har zannuwanmu. Jiga kuwa a dafa a matse a barbaɗa gishiri. Ran da wani ya dawo daga kasuwar Gazawa aka samu ɗan garin rogo, ran nan sallah ce. Sau ɗaya muke ci, bayan la'asar, don ciki ya samu abin riƙewa har safe.

Zafin kuwa ba ya faɗuwa. Hantsi na yi rairayi ya zama garwashi, sai ka ga ƙadangare yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Garin shiru, ba ka jin sussuka, ba ka jin luguden taɓarya. Wannan shirun na rashin daka shi ne abin da na fi tunawa.

A lakol ajinmu ya zube, waɗanda suka rage kuma barci suke bisa tebur. Malaminmu, Mushe Ilu, wani siriri mai yawan dariya, ya rasa yadda zai yi da mu. Sai ya samo tarin ƙananan littattafan Hausa na yaƙi da jahilci daga Agiye, shi da malaman ƙauyukan da ke kusa. Suka ware su bisa shekarar da aka buga a bayan kowane, kowace lakol ta ɗauki na shekara guda a kwali. Garin da ya riga gama nasa, kwalin ya zama nasa har abada, a ƙara masa da ƙwallo. Amma akwai sharaɗi. Karatu ba ya shiga lissafi sai yaro ya karanta wa babban da bai iya ba, babban kuma ya je ranar Alhamis ya maimaita wa Mushe abin da ya ji.

Namu kwalin na shekarar da aka haife ni ne. Da na gaya wa Inna sai ta yi murmushi.

"Shekarar ƙoshi ke nan. Hatsi ya yi har muka rasa rumbun zubawa. Ranar sunanki har kare ya ƙi tuwo."

"To madalla," in ji Gwaggo. "An kawo ma mai yunwa littahin shekarar ƙoshi. Mushen ga naku ya iya mugunta."

Da farko littattafan suna zagaya gidaje. Amma yara suna ta raguwa, wasu sun bi iyayensu mata zuwa Maradi, sai kwalin ya tare a gidanmu. Bayan azahar matan unguwa su zo da anzarsu su zauna inuwar zana suna ɓara, ni ina tsakiya bisa turmin da aka kifa, ina karantawa. Inna ce ta ɗauki nauyin zuwa gaban Mushe.

Ba mu yi nisa ba Gwaggo ta fara maganar tulu. Atine ta ƙi anza, in an ɗura mata sai ta dawo da ita.

"Matata, buɗe tulun ga."

"Ba nawa ba ne, maigida. Ba naki ba ne."

"Na yayana ne, ni kau ƙanwatai ce. Kina kallo ɗiyata na ƙarewa?"

Kullum haka, safe da yamma. Wata rana da wasa, wata rana da hawaye. Inna tana ba Atine rabonta na garin rogo, ta ce ita ta ci a daji. Ran nan da Gwaggo ta matsa mata a gaban mata, sai Inna ta ajiye ƙwaryar hannunta, ta nuna kwalin, ta nuna ni.

"Ga shaidu. In Murja ta gama littattafan nan kaf ruwa bai sauka ba, ki fasa tulun da hannunki, ni zan daka miki. Amma kafin nan kada ki ƙara yi mini maganar."

Gwaggo ta leƙa kwalin, ta auna tudunsu da ido. Ba su da kauri, yawancinsu kamar littafin rubutun ɗan aji ɗaya.

"Na yarda. Murja, ɗiyar albarka, buɗe baki ki yi ta zuba."

Tun daga ran nan karatuna ya zama igiyar da mutum biyu ke ja. Ina fara gudu sai Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya ce wa wa?"

"Kin ji sarai!" in ji Gwaggo.

"Ni zan tsaya gaban Mushe, ba ke ba. So kike in je in yi ta kame-kame gaban ɗan mutane? Koma daga farko, Murja."

"Kai, wanga kai naki rariya ne. Ina yaya ya samo ki?"

"Inda aka rasa mai ɗaukarki har sai da aka kai ki Gobir."

Mata su fashe da dariya, ni in koma baya. Inna ta kafa doka cewa la'asar na yi an rufe littafi, wai idona zai lalace. Ni kuwa tsakani da Allah ina bayan Gwaggo. Ina kwana kusa da gadon nan, na san abin da ke ƙarƙashinsa. Wani lokaci ina karatu baƙaƙen su riƙa iyo a gabana kamar tururuwa, sai in ga tuwo a tsakiyar shafi, har da tururinsa.

Akwai na ciwon awaki, akwai na tatsuniyoyi, akwai na yadda ake gina masai, akwai na wata mata mai sayar da man gyaɗa da ta koyi lissafi. Wanda ya fi ba mu wuya shi ne na abincin yara. A samu ƙwai, in ji shi, a samu wake da cokalin mai, a dama da garin hatsi mai laushi.

"Tambayi littahin," in ji Gwaggo, "ina anka aje ƙwan, mu tahi mu ɗauko."

Aka yi dariya har da masu share hawaye. Sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, Iya Hajo, wadda ba ta cika magana ba, ta ce a hankali, "Yarinya, sake karanta wurin man nan." Na sake. Ta rufe ido tana haɗiyar yawu. Babu wanda ya ƙara dariya.

Ana cikin haka hadari ya fara yi mana wasa da hankali. Da la'asar gabas ta haɗe, iska ta kawo ƙamshin ƙasar da ta jiƙe a wani wuri, mu kwashe shanya da gudu, mu jera tukwane bakin indararo. Sai ya waske ya bi kudu. Tsofaffin da suka rage a gari suka fita roƙon ruwa, mu yara muna biye. Muka dawo da ƙura a ƙafa. Yanzu maigidana a salula yake duba ranar da za a yi ruwa, har ya ce mini in kwashe wanki. A lokacin ba mu da abin dubawa sai sama da ganyen gawo, wanda in ya fara zuba akan ce damina ta kusa. Ya zuba, ba ta zo ba.

Kwalin yana ta yin ƙasa duk da dabarar Inna. Atine kuma ta daina kuka. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, tana zaune inda aka ajiye ta, ƙuda na sauka a idonta ba ta kora. Wata safiya Inna ta ɗauke ta za ta yi mata wanka. Na ga ta ɗaga ta, ta tsaya cak, kamar wadda ta ɗauki tulu tana zaton da ruwa ta ji shi fanko. Ta wanke ta, ta goya ta da kanta.

Ran nan saura littafi ɗaya, mafi kaurinsu, labarin wani fatake mai safarar gishiri da raƙuminsa ya ɓace. Na zauna bisa turmi. Inna ba ta ko ɗago kai ba.

"Karanta, Murja. Kada ki tsaya."

Na kama zuba. Shafi ya bi shafi, babu mai ɗaga hannu. La'asar ta yi, na dubi Inna, ta ce in ci gaba. Sai na ji wata murya daga gefe.

"Dakata. Raƙumin wa ya ɓace?"

Gwaggo ce. Kowa ya juya.

"Na fataken mana, Gwaggo."

"Ba na abokin tahiyatai ba? Ni ban gane ba. Koma baya."

"Delu," in ji Inna. Ban taɓa jin ta kira ta da sunanta ba sai ran nan.

"Mi? Ke kaɗai ke da ikon rashin ganewa? Kuma la'asar ta yi. Idon yarinya za ya lalace."

Haka suka yi musanyar wuri. Littafin da zan gama a zama biyu ya kai mu kusan mako, Inna na turawa, Gwaggo na riƙewa. Ta tambayi launin raƙumin, ta tambayi ko fataken na da mata, ta yi gardama cewa ba haka ake ɗaura gishiri ba, ita da ba ta taɓa hawa raƙumi ba. A tsakani an samu ɗan nonon akuya wurin wata Bafillatana da ke zuwa sauraro, ana ɗiga wa Atine. Amma littafi komai jan sa yana da bango na baya. Wata Talata bayan azahar fataken ya ga raƙuminsa, ya yi hamdala, na kai aya ta ƙarshe.

Babu mai motsi. Sama fes, ko gizagizai babu.

"Babu saura?" in ji Gwaggo.

"Sai inda aka rubuta garin da aka buga shi, da shekarar."

"Karanta shi."

Na karanta. Inna ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji tana jan tulun. Ta fito da shi ta dire gaban Gwaggo, ta miƙa mata dutsen niƙa, sannan ta ce mini in tashi daga kan turmin ta birkice shi.

Gwaggo ta ƙwanƙwasa lakar ta fashe. Ƙamshin hatsi da toka ya tashi. Wallahi sai da na ji matan da ke wurin sun ja numfashi tare. Ta tura hannu har wuyan hannu, ta bar shi a ciki. Sannan ta jawo ƙaramar ƙwarya ta cika ta, ta tura wa Inna.

"Wanga na Atine ne. A riƙa dama mata kaɗan kaɗan. Wanda duk ya sa mashi hannu, ni da shi."

"Sauran fa? Zubo, in daka gaba ɗaya. Ke ma dubi wuyanki."

"In munka cinye shi kwana nawa za ya kai mu? Sa'annan ruwa ya sauko mu shuka mi, anza?" Ta toshe bakin tulun da tsumma. "Kuma ba ya komawa ƙarƙashin gado. In yana ɗaki gobe ma sai na roƙe ki, ke kau ba ki da sauran littahi. Ɗauko sungumi. Binne za mu yi."

Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira. Caca ce. In aka yi ruwa mai ƙarfi, kai ne gaba da kowa. In yayyafi aka yi, ya tsiro rana ta ƙone shi, ka tashi ba iri ba abinci. Iya Hajo ta ce, "Delu, kin san abin da kike yi?" Gwaggo ta ce, "A'a. Amma a ƙasa ko na yi kuka ba ni iya tono shi."

Washegari da sassafe muka fita. Inna na gaba tana sara da sungumi, ramin na rufewa da kansa saboda bushewar rairayi. Ni da Gwaggo muna baya, mu jefa 'yan ƙwayoyi mu take da diddige. Matan unguwa biyu suka zo suka kama mana ba tare da an kira su ba. Ina jin hatsin a tafin hannuna, santsi, sanyi, bakina na kawo ruwa, ina zuba shi a ƙasa mai zafi. Kafin rana ta take tulun ya zama fanko. Gwaggo ta kifa shi ta bubbuga gindinsa, ta ba ni in ɗauka.

Jiran da ya biyo baya ya fi na farko wuya, don yanzu babu littafi. Matan suna zuwa dai, a zauna a yi ta ɓara shiru. Inna ta je ta maimaita wa Mushe labarin raƙumi, ya ce mata ai wani gari ya riga mu tun tuni, ta ce Allah ya sa su ji daɗin ƙwallon. Kullum da safe ni da Gwaggo mu je gona korar kurciyoyi, mu ga inda tururuwa ta yi layi tana jan ƙwaya, mu ga inda gafiya ta tona. Wata rana aka yi ɗan yayyafi, ɗigo ɗai-ɗai da ke barin tabo a ƙura. Gwaggo ta tsaya tsakar gida ta ɗaga kai tana cewa, "Ko ka zo gaba ɗaya, ko ka koma inda ka hito." Ya koma. Bai kai ga irin ba.

Na gasken ya zo ne da la'asar. Iska ta fara, ja wur, ta kwashe zanar da muke zama a inuwarta. Sannan duhu, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. An yi tsawa ran nan, manya manya, na tuna sarai. Ni kuwa ina tsakar gida ina tsalle, baki buɗe, ruwa na gudu har idon sawuna, Inna na kirana ina yi kamar ban ji ba. Ina rubuta wannan ina mamakin yarinyar nan. Ban san inda ta tafi ba, amma zan so ta leƙo ni kafin daminar bana ta yi nisa.

Yunwa ba ta tafi ran nan ba, sai da muka ƙara shan wuya kafin tafasa da sauran ganyaye su fito, Baba kuma ya dawo da ɗan buhun masara. Amma kunun ƙwaryar nan ya riƙe Atine har lokacin. Tana nan Gazawa yanzu da 'ya'yanta, ta fi ni jiki nesa ba kusa ba.

Bayan ruwan da 'yan kwanaki muka tafi gona mu uku, Atine a bayan Gwaggo. Ƙasa ta yi duhu ta yi laushi, ƙafa na nutsewa. Daga nesa ba mu ga komai ba, Gwaggo ta rage sauri har ta tsaya. Inna ta wuce gaba ita kaɗai. Gefen da tururuwa ta yi wa ɓarna fili ne fetal. Amma daga tsakiya zuwa gindin gawo ga su nan, layi layi, sirara kamar allura, kore shar, kowane da ɗigon raɓa a kansa.

Inna ta juyo ta ɗaga murya. "Maigida! Taho ki ga tuwonki ya fito!"

Gwaggo ta ƙaraso a hankali. Ta durƙusa da goyonta, ta kai yatsa kusa da guda ɗaya, ba ta taɓa shi ba.

"Rage murya, matata," ta ce. "Kada ya ji yunwar da muke ciki ya koma."